RTX 3060 Ko RTX 4060: Kafin Ka Zuba Kuɗin Adashen Hajiya A Katin Hoto

Makon jiya bayan isha'i, wani abokina mai ɗaukar bidiyon bukukuwa ya same ni wajen mai shayi a Ƙofar Ƙaura, ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo min wayarsa. Hotunan kwalaye biyu ne wani ɗan kasuwa ya turo masa ta WhatsApp, ɗaya an rubuta RTX 3060, ɗayan RTX 4060. Ya ce, "Mutumina, kai ne ɗan jarida, wanne zan ɗauka?" Na ce masa ban zama ɗan jarida ba tukuna, ko jarrabawar zangon nan ban gama ba. Ya ce shi dai in ba shi amsa, domin rabin kuɗin nasa ne, rabin kuma adashen mahaifiyarsa ne da za ta kwasa ƙarshen wata, ta yarda ta ranta masa a kan zai mayar bayan bukukuwan Sallah.

Wannan magana ta adashe ce ta hana ni ba shi amsa a tsaye. Na san kai ma da kake karanta wannan, ko ke, ba mamaki akwai wani abu makamancin haka a ranka: buɗe shagon gem, gyaran bidiyo, zane, ko wannan harka ta AI da kowa ke magana a kai. Kuma na san inda kake neman shawara, wato bidiyon Turawa a YouTube. Matsalar ita ce wanda yake gwada waɗannan katuna a Amurka ko Ingila yana zaune ne a ɗaki mai sanyi, wutarsa ba ta ɗaukewa, kuma idan katin ya lalace zai mayar a ba shi wani. Kai kuwa a Katsina kake.

Mu fara da abin da katin yake yi. Katin hoto, wanda masu harkar ke kira GPU, shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da kake gani yana motsi a allo. Ka ɗauke shi kamar shagon tela ana jajibirin Sallah. Akwai keken ɗinki, akwai kuma teburin da ake shimfiɗa yadi. Saurin keke shi ne ƙarfin katin. Faɗin tebur shi ne ma'ajiyarsa, wadda ake kira VRAM. Idan keke na da gudu amma tebur ƙarami ne, matuƙar ɗinkin 'yar riga ce ba matsala, sai dai ranar da aka kawo babbar riga ta shadda mai aiki, tela zai yi ta ninkewa yana warwarewa, gudun keken ya tashi a banza. Duk rigimar da ke tsakanin waɗannan katuna biyu a nan take.

Kamfanin Nvidia ya fitar da RTX 3060 a watan Fabrairun 2021 a kan dala 329. Yana da ma'ajiya giga 12, hanyar da bayanai ke bi zuwa ma'ajiyar faɗinta bit 192 ne, tana ɗaukar giga 360 a sakan guda, kuma katin na shan wuta har wat 170. RTX 4060 ya fito a ƙarshen watan Yunin 2023 a kan dala 299. Giga 8 kawai gare shi, hanyarsa bit 128, tana ɗaukar giga 272 a sakan, wutar da yake sha wat 115. Ƙananan injinan lissafi da ke cikinsa, waɗanda Nvidia ke kira CUDA, 3,072 ne, alhali tsohon na da 3,584.

Idan ka tsaya a nan za ka ce ai ƙanin ya fi wan rauni ta ko'ina, an dai rage masa kuɗi ne. Haka mutane da yawa suka ce lokacin da ya fito, aka yi ta zagin kamfanin a intanet. Amma lambobin da ke jikin kwali ba su faɗi komai duka ba. Sabon katin an ƙera shi ne a masana'antar TSMC ta Taiwan da fasahar da ta fi ta Samsung da aka yi tsohon da ita ƙanƙanta, don haka injinansa sun fi gudu kuma ba sa cin wuta sosai. Sannan an sa masa wata ƙaramar ma'ajiya ta kusa da hannu mai mega 24, tsohon kuwa mega 3 gare shi. Kamar telan nan ne ya samu aljihun gaba da yake zuba zare da almakashi, ba sai ya riƙa miƙewa zuwa tebur kowane minti ba. Nvidia da bakinta ta ce sabon ya fi tsohon gudu da kusan kashi 20 cikin ɗari idan ba a kunna dabarar ƙara hotuna ba, kuma gwaje-gwajen masu zaman kansu a allon 1080p ba su yi nisa da wannan ba.

To ashe sabon ya ci? Dakata tukuna.

Idan gem ne damuwarka, kuma gem ɗin da ka sani shi ne wanda yawancinmu muka sani, wato ƙwallo, EA Sports FC da ta gaji FIFA a 2023, ko eFootball, ko GTA V, duka katunan biyu za su ɗauke su ba tare da gumi ba. A nan ba za ka ga bambancin da ya kai a yi musu a kansa ba, kuma gaskiyar magana, mai son buɗe shagon gem a Sabuwar Unguwa ko Ƙofar Marusa gara ya sayi PlayStation, domin yara ita suka sani, kuma ba ta buƙatar mai kula da Windows. Inda sabon katin ke nuna kansa shi ne manyan wasanni na zamani, inda yake da wata dabara ta DLSS 3 da ke ƙirƙiro hoto na ƙarya ta cusa tsakanin hotuna biyu na gaske, motsi ya yi santsi. Tsohon ba shi da wannan, duk da cewa yana iya amfani da makamanciyarta ta kamfanin AMD mai suna FSR 3 a wasannin da suka yarda da ita. Sai dai kuma a shekarar 2023 ɗin da sabon ya fito, wasanni irin su Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I sun nuna cewa giga 8 ta fara yin kaɗan idan ka ɗaga ingancin hoto zuwa ƙarshe: wasa na tafiya lafiya sai ya riƙa sarƙewa, bango ya koma kamar an shafa masa laka. Abin dariyar shi ne ita kanta dabarar ƙara hotunan tana cin wani abu daga cikin giga 8 ɗin.

Amma abokina ba gem zai buga ba, kuma ina zargin yawancin masu tambayata ba shi ne a gabansu ba. Abinci suke nema. Saboda haka bari in daɗe a nan.

Mai gyaran bidiyon biki yana aiki ne da Premiere Pro ko DaVinci Resolve, wasu kuma CapCut ta kwamfuta. Idan a 1080p kake ɗauka, kana yanka, ka sa kiɗa, ka rubuta sunan ango da amarya da ruwan zinare, kowanne daga cikin katunan ya ishe ka, sabon ma zai ɗan riga gamawa. Amma kasuwar ta canza. Yanzu amarya ta ga na ƙawarta a Instagram, tana son 4K, tana son hoton jirgi marar matuƙi yana shawagi a kan zauren taro, tana son a gyara launi fatarta ta yi sheƙi, a kuma share ɗigo-ɗigon da duhun wajen dina ke jawowa. Wannan aiki na share ɗigo da gyaran launi a 4K, musamman a DaVinci Resolve, shi ne babbar rigar shaddar da na faɗa maka. Tebur yake so. Idan ma'ajiyar kati ta cika, manhajar kan tsaya ta rubuto maka cewa wuri ya ƙare, ko ta rufe gaba ɗaya, alhali uwar amarya ta kira sau huɗu. A irin wannan rana kashi 20 na gudu ba zai cece ka ba, giga huɗun nan da ka raina su ne za su cece ka.

Akwai abu ɗaya da sabon yake da shi a wannan fage: yana iya matse bidiyo da tsarin AV1, wanda ke ba da hoto mai kyau da ƙaramin nauyi. Tsohon yana iya kunna AV1 amma ba ya iya haɗa shi. Ga mai watsa shiri kai tsaye a YouTube da data mai tsada, wannan abin dubawa ne. Ga wanda zai tura wa dangin ango bidiyo ta WhatsApp, inda za a matse shi ya koma kamar an ɗauka da tsohuwar Nokia, ba shi da wani amfani.

Sai maganar AI, wadda ita ce ta sa tsohon katin ya ƙi mutuwa. Tun da gwamnatin tarayya ta fara shirin 3MTT a ƙarshen 2023, matasa da yawa a garin nan sun shiga koyon harkar bayanai da ƙirƙirarriyar basira, kuma duk wanda ya ɗan yi nisa yakan so ya gwada sarrafa manhajar a kan kwamfutarsa maimakon ya dogara da intanet. A nan dokar mai sauƙi ce: ko manhajar ta shiga cikin ma'ajiyar kati, ko ba ta shiga ba. Idan ba ta shiga ba, sai ta malala zuwa memorin kwamfuta, gudun ya faɗi warwas. Manhajar harshe irin Llama 3 mai ma'auni biliyan 8, idan an matse ta, takan ci wajen giga biyar, don haka duka katunan za su ɗauke ta. Da zarar ka matsa zuwa masu biliyan 13 ko 14, giga 8 ta cika ta batse, giga 12 kuwa da sauran wurin numfashi. Mu 'yan aikin jarida akwai wadda ta shafe mu kai tsaye, wato Whisper ta kamfanin OpenAI mai mayar da murya rubutu. Kamfanin ya ce mafi girmanta na buƙatar kusan giga 10, ko da yake akwai waɗanda aka rage wa nauyi. Hausa na cikin harsunan da take ji, sai dai jin nata sai a hankali. Na taɓa ba ta hirar da na yi da wani dattijo don aikin makaranta, abin da ta rubuto ko mai maganar ba zai gane shi ba. Da Turanci kam tana aiki.

Ka ga ke nan tsohon ya rama. Kuma kada ka ɗauka kuskure Nvidia ta yi da ta rage ma'ajiya. Kamfanin da darajarsa ta kai dala tiriliyan 4 a watan Yulin 2025 ba daga 'yan gem ya samo wannan kuɗi ba, daga manyan katunan AI ne da kamfanoni ke saye dubbai. A ganina ba shi da wani dalilin da zai sa ya ba talaka babban tebur da araha. Ko RTX 5060 da ya fito a watan Mayun 2025, a kan dala 299 ɗin dai, giga 8 aka sake ba shi. Intel ce ta yi ƙoƙari da Arc B580 mai giga 12 a kan dala 249 a Disambar 2024, amma yawancin manhajojin AI da na gyaran bidiyo sun fi sabawa da CUDA ta Nvidia, kuma in ya ba ka matsala a nan, wa za ka kai wa?

Yanzu mu dawo gida, inda Baturen YouTube ba ya zuwa: wuta.

Bambancin wat 170 da wat 115 shi ne 55. Idan kana kan layin KEDCO kuma kana aiki awa takwas kullum katin na aiki iya ƙarfinsa, a wata guda bambancin bai wuce yunit 13 da ɗoriya ba. Ko da kana rukunin Band A, wanda aka ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, abin bai kai naira dubu uku a wata ba. Ba wannan ne zai talauta ka ba. Amma wa yake da wutar awa takwas a jere lokacin da yake buƙatarta? Ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, Arewa ta kwashe kwanaki a duhu, masu cajin waya suka zama sarakuna. Mai aikin kwamfuta a Katsina a kan batir da sola yake rayuwa, ko janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kunna janareta ya zama shawara da sai an zauna an yi.

Bari mu yi lissafin batir. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, idan ba ka son kashe shi da wuri, rabinsa za ka sha, wato abin da zai riƙe kayan wat 1,200 na awa guda. Kwamfuta gaba ɗaya da allonta, da tsohon katin tana aiki sosai, ka ce wat 300. Da sabon, wajen 250. Na farko awa huɗu, na biyu kusan awa biyar, kafin a cire abin da inbata ke ci. Kusan awa guda ke nan a kowane dare. Wanda ya taɓa kallon bidiyo ya kai kashi 90 wajen fita sannan inbata ta fara kuka, ya san darajar awa guda.

Ga kuma zafi. Duk wutar da kati ya sha, zafi take komawa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, shago mai rufin kwano ba fanka tanda ne, kuma kati idan ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe masa iska. A wannan fage sabon ya yi wa tsohon fintinkau, ba ma kusa ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: da yawa cikinmu ba sabuwar kwamfuta muke haɗawa ba, tsohuwar Dell ko HP ta ofis muke saye 'yar Kwatano mu cusa mata kati. Irin waɗannan, akwatin wutarsu ƙarami ne, sau da yawa ma ba shi da filogi mai baki takwas da katunan nan ke buƙata, alhali Nvidia na ba da shawarar akwatin wuta mai wat 550. Sannan sabon katin layi takwas kawai yake amfani da su a ramin da ake soke shi, tsohon kuwa sha shida, don haka a tsohuwar kwamfuta sabon na iya ɗan rasa wani abu daga gudunsa, musamman idan ma'ajiyarsa ta cika. Ka buɗe cikin kwamfutarka ka duba kafin ka tura kuɗi, kada kati ya iso ka tarar sai ka sake wani kashe kuɗin.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, wato dala 299 ba ta kai naira dubu 140 ba. Idan ka ɗauki dala a naira 1,500, inda ta yi ta yawo a 2025, kuɗin ya kusa dubu 450, kafin kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne, ka ga albashin wata shida bai saye shi ba. Ɗalibin da ke karɓar dubu 20 na NELFUND duk wata sai ya tara na sama da wata 22 bai sayi ko biro ba. Shi ya sa kusan kowa ke komawa kan na hannu, daga Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, kuma a kasuwar na hannu RTX 3060 ne ya fi yawa.

A nan ne ramukan suke, guda biyu.

Na farko, katin ya fito ne a tsakiyar haukar haƙar kuɗin kirifto. Ba irin haƙar Hamster da muka yi ta daddanna waya a 2024 har yatsa ya yi ƙanta ba, haƙa ta gaske, inda ake jera katuna a ɗaki suna aiki dare da rana. Nvidia ta sa wa RTX 3060 takunkumin rage masa ƙarfin haƙa, sannan ita da kanta ta yi kuskuren sakin wata manhaja da ta cire takunkumin makonni kaɗan bayan fitowarsa. Da Ethereum ta daina amfani da katunan hoto ranar 15 ga Satumban 2022, sai masu haƙa suka juye kayansu a kasuwa, kuma irin wannan kaya ƙasashe irin namu yake gangarowa. Ba kowane katin haƙa ne matacce ba, amma fankarsa ta gaji, man da ke ɗauke masa zafi ya bushe. RTX 4060 bayan an watse ya zo, don haka wannan zargi bai hau kansa ba.

Rami na biyu shi ne wanda abokina ya kusa faɗawa. Na ce ya ƙara girman hoton kwalin. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta 8GB. A ƙarshen 2022 Nvidia ta fitar da wani RTX 3060 mai giga 8 da hanya bit 128, sunan iri ɗaya, amma ya fi na asalin rauni a fili. Wannan ba shi da teburin tsohon, ba shi da gudun sabon, ba shi da sauƙin wutarsa. Na laftof kuma giga 6 ne, shi ma sunan ɗaya. Ya kira mutumin a gabana ya ce, "Alhaji, wannan ai mai takwas ne." Aka ce masa ai duk 3060 ne, bambancin kaɗan ne. Ba kaɗan ba ne, shi ne dalilin sayen gaba ɗaya.

Saboda haka kada ka biya sai an soke katin a kwamfuta a gabanka ko gaban wanda ka yarda da shi. A buɗe GPU-Z, manhaja ce ta kyauta, ka ga 12288 MB da 192 bit da idonka. A kunna FurMark na minti goma sha biyar, ka saurari fanka, ka kalli zafin, ka duba ko allo na fitar da ɗigo ko layuka masu launi. Ɗan kasuwar da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba ka amsa.

Abin da na faɗa wa abokina shi ne: tunda 4K yake son shiga, kuma shagon da yake haya akwai sola, ya nemi RTX 3060 mai giga 12 na gaske, in ya samu mai lafiya a ƙasa da kuɗin sabon, ya sa canjin a fanka da ƙarin memori. Da a ce gem zai buga, ko aikinsa bai wuce 1080p ba, ko batir ɗaya yake lallaɓawa a ɗaki, da RTX 4060 zan ce, ban ko yi dogon tunani ba. Ke kuma mai TikTok da kike tambaya a sashen sharhi ko sai kin sayi irin wannan kafin bidiyonki ya yi kyau, a'a, wayarki ta isa, fitila da makirufo za ki saya.

Ya fasa tura kuɗin a daren. Ranar Asabar zai shiga motar Kano da kansa, da GPU-Z a filashi cikin aljihu, kuma Hajiya ta ce kada ya dawo mata ba rasit.